Fasinjar Kujerar Gaba

A inuwar rumfar tasha, wata dattijuwa da ke jiran mota ta cika ta lura da saurayin da ke gefenta. Gumi yake ta yi, haƙoransa na cizon juna.

"Ɗan nan, zazzaɓi ne?"

"Lafiyata ƙalau, Inna. Wani farin gari abokina ya ba ni. Ana shaƙa, barci ya gudu, yunwa ta gudu."

"Hannunka fa rawa yake."

"Zuciyar ce ke gudu, amma jikina kamar auduga. Inna, ki ga titi ya koma kogi, itatuwa na rakiyata a hankali. Jiya har mahaifiyata na gani a kujerar gaba, da mayafinta shuɗi."

"Tare kuka yi tafiyar?"

"Ai ta daɗe da rasuwa."

Dattijuwar ta dubi makullin da yake juyawa a yatsa.

"Wace mota ce taka?"

"Farar can. Saura mutum biyu mu tashi."

Ta hango ƙunshin kayanta ɗaure a saman farar motar. Ga kuma wata mai goyo har ta shige ciki.

"To, me mahaifiyar taka ta ce maka?"

Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa.

"Cewa take, 'Auta, tsaya ka kwanta.'"

"Ashe mai hankali ce. Kawo makullin in riƙe mata."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunta. Sannan ya ajiye makullin a ciki, ya ɗora kansa a kafaɗarta.