Tambayar da na yi wa Hafiz

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Nasiru, ina karatun kula da lafiyar 'yan wasa a Kuala Lumpur.

Lokacin kullen korona malamarmu ta ƙara mana darasi kan damuwar 'yan wasa. Na raina shi, don a ganina aikinmu tsoka da ƙashi ne. Sai aka haɗa ni da Hafiz, ɗan tseren jami'armu da ya ji ciwo a gwiwa. Daga ɗakina a unguwar Wangsa Maju nake sa shi motsa jiki ta bidiyo. Wata safiya ya ce, "Nasiru, ko na warke babu gasa. Rayuwar ma ta ishe ni."

Da a da ne, haƙuri zan ba shi in kashe waya. Amma malama ta koya mana mu tambaya kai tsaye, mu saurara. Na ce, "Hafiz, kana tunanin kashe kanka ne?" Ya ce eh, ya fashe da kuka. Na sa ya tura wa yayarsa saƙo, ban ajiye wayar ba sai da ta zo, ta kai shi wurin likita a ranar.

Alhamdu lillahi, yanzu yana dariya, jiya ma ya fita sassarfa. Sai yanzu hankalina ya kwanta.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In na dawo gida, yaya zan shawo kan 'yan wasanmu su daina ɓoye damuwa? Ina gaida abokaina na masallacin Kampung Baru.