Birkin Bayan A-kori-kura

Saura kaɗan in ƙi rubuta wannan, don ba da ni ake zancen ba. Ina jiran mota ne a Kwanar Dangora, kusa da rumfar wani tsohon bakanike, sai ga direba ya tsaya da a-kori-kura cike da tumatir.

"Baba, taimake ni. Tayoyin baya na riƙewa, har ƙauri suke yi. In rana ta take, tumatirin nan ba zai kai Kano ba."

Tsohon ya ɗaga motar, ya gwada juya taya da hannu, ta ƙi. Ya leƙa ƙasa.

"Wa ya ɗaure wayar birkin hannu haka tamau?"

"Ni ne."

"Don me?"

Direban ya sosa ƙeya. "Maiɗakina nake koya wa tuƙi a bakin Bagauda. Tana tuƙi, hannuna na kan birkin."

"Ta taɓa buge wani abu?"

"Ko kaza ba ta taɓa takawa ba."

"To, ɗana, tsoronka ne ke cinye birkin nan. Zan sassauta wayar, kai kuma ka ɗauke hannunka."

Ni ma mijina ya daɗe yana tsoron sakar mini tuƙi. Washegari da safe yana wanke motarsa, na buɗe ƙofar direba na zauna.