Albarkar Paparoma a rediyon Babanmu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Yakubu, ɗan Katolika daga Malumfashi, ina sarin tufafi a unguwar Sanyuanli da ke birnin Guangzhou.

Muna yara, duk ranar Ista Babanmu katikis, mai koyar da addini a coci, kan kunna rediyo, mu durƙusa a tsakar gida mu karɓi albarkar Paparoma. Yau ƙanena Bulus, da muke ɗaki ɗaya, ya daina raka ni coci. Wata tasha a wayarsa kullum cewa take Paparoma ya sassauta addini. Na ce, "Sun taɓa kawo ɓangarensa?" Ya ce, "Yaya, kai ma an saye ka."

Jama'a, ku ba ni shawara. Bulus, na san kana ji. A kan tabarma ɗaya muka durƙusa. Wa ya saye mu a lokacin?