Shafin da Mama Ba Ta Juya Ba

Ina zaune a bencin masu ziyara a ƙofar gidan yari, sai wata tsohuwa ta ɗauki kular abincinta za ta tafi. Mutumin da ke gefenta ya tsayar da ita.

"Mama, ba a kira mu ba tukuna."

"Na fasa, ɗana. Yarona ne a ciki. Da safe na rufe ido na buɗe Littafi Mai Tsarki, yadda na saba, yatsana ya sauka kan annabi yana maganar wuta da takobi. Allah ya riga ya yanke hukunci. Ni wace ce?"

"Kin juya shafin?"

"Hawaye ya bar ni na ga shafi?"

"Kawo Littafin in gani. Annabawan nan kamar iyaye mata suke, sai sun gama dukanka su ɗauko man zafi. Ga shi nan a baya. Allah ya ce zai tattaro waɗanda ya watsar, ya mai da su gida."

"Har da ɓarayin babur?"

"Bai ware su ba."

"Kai fasto ne?"

Ya yi dariya. "Shekara shida na yi a gidan nan, Littafin nan kaɗai ne abin karantawa. Yanzu sabulu nake kawo wa 'yan ɗakinmu."

"Uwarka tana zuwa?"

"Sau ɗaya ta fasa. Har yau ina tuna ranar."

Mama ta sauke ajiyar zuciya ta koma ta zauna. Can ganduroba ya buɗe ƙofa.

"Lanƙwashe mini bakin shafin nan," in ji ta. "Na san yarona shi ma bai juya ba."