Dariyar Mijina Ta Ƙwaya Ce

"Da an cire gyaɗa zan daina shan taramol." Haka mijina ya ce min. Assalamu alaikum mai gabatarwa, daga Karare nake rubutowa. Gyaɗar nan har an sayar, yana nan yana jefa ƙwayarsa cikin shayi.

Na karanta cewa ƙwaya tana sauya wa mutum ji da gani, yanzu na shaida. Ranar da ya sha nake zama gimbiya, ana ta dariya. Ranar da babu, ko sannu ba na samu. Wallahi kishi nake: fara'ar da girkina da haƙurina suka kasa samowa, ƙwaya ke samowa!

Baban Hafsa, na san kana saurare. Ko mu tafi asibiti kafin Juma'a, ko in zube ƙwayoyin nan gaban Innarka.