Salansar Aro

Motar Rakan ta ci gwajin shekara ranar Talata a Zarka, amma shi bai fita da murna ba. A layin jira ne wani dattijo ya zagaya tsohuwar BMW ɗin.

"Ɗana, wannan ai ta girme ka. Da ita kake zuwa aiki?"

"Kullum, Kawu, ƙarfe shida. Na ƙara wa injin ƙarfi."

"Ga ta kuwa shiru kamar amarya."

Rakan ya rage murya. "Salansar aro ce, ta yau kaɗai. Da yamma a mayar min da tawa. In na taka ta a gangaren gidan burodin Abu Nidal, har tagogi rawa suke."

"Gangaren gidan burodi," in ji dattijon. "Ƙarfe shida."

"Ka san wurin?"

"Bayan ɗakina ne. Wata huɗu ina neman mai ƙarar nan, kafin in sa takalmi ya ɓace. Sau biyu ina sace iskar tayoyin mai kantin magani."

"Shi ai bai yi komai ba, Kawu."

"Yanzu na sani. Ita taka a ina take kwana?"

Rakan ya shirga ƙarya. "Can nesa, wajen Irbid."

"Kuma ka iso gangarenmu ƙarfe shida? Lallai tana gudu."

Dattijon ya ɗauki hoton lambar motar. Bakaniken da ya ara masa salansar na jiran abarsa ƙarfe biyar, amma har magariba Rakan bai ɗaga masa waya ba.