Kiɗan Kongo a Motar Maiha

Shekara guda bayan yaƙin basasa, Kwaji na jiran motar Maiha ta cika a tashar Mubi. Wani dattijo kusa da shi ya kara rediyo a kunne.

"Baba, kiɗan Kongo? Ai na samari ne."

"Ni ma dā garaya kawai na sani. In ɗana ya kunna wannan, bar masa gidan nake yi."

"Kana jin abin da suke faɗa?"

"Ko kalma. Amma akwai inda jita ke tsayawa, nan ɗan nawa yake yin fito."

"Yana ina yanzu?"

"Sojojin da suka tafi yaƙi tare da shi sun dawo tun bara." Dattijon ya ƙara muryar rediyon. "Yi shiru, yaro, an kusa wurin."